Farcen Toka da Ledar Hanta

Batsari, Satumba 2021

Assalamu alaikum, Yaya Rahma.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan. Ya shago, ya kuma haƙuri da wannan hali da ake ciki? Idan kin leƙa gidan Baffa Hashimu ki gaishe shi, ki ce masa marainiyar da ya aurar tana nan ƙalau. Mu ma lafiya lau muke, sai dai tun da aka katse layin waya gari ya yi tsit. Wayata ta koma tocila da agogo. Rabona da biro tun jarrabawar fita sakandare, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Malam Jinjiri direba ya ce zai riƙa kai miki takarda duk ranar da hanya ta yi kyau.

Littattafan soyayyar nan uku da kika cusa mini a ƙasan akwati ranar biki na karance su, ɗaya ma sau biyu. Fina-finan da ke cikin memori kuwa har na haddace wuraren da ake kuka. To su ne suka jawo abin da zan faɗa miki, kuma wallahi ina rubutawa ina kare takardar da hannu kamar wani na leƙe.

Yaya, wata bakwai da aurena, ban taɓa jin magana ɗaya irin ta littafi daga bakin maigidan nan ba. Ba mugu ba ne, kada ki ɗauka haka. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ban taɓa rasa cefane ba. Amma daga masallacin asuba yake wucewa mayanka, daga can teburin nama, da yamma ya hura wutar tsire, ba ya shigowa sai bayan isha'i yana ƙaurin hayaƙi. "Sannu da gida." Ya ci abinci. "An gode Allah." Shi ke nan an gama hira. Rannan na yi ƙarfin hali na tambaye shi yadda wata ta tambayi mijinta a littafi, na ce, "Ka taɓa yin kewata?" Ya dube ni tsakani da Allah ya ce, "Ina kika je?"

Na yi dariya a lokacin, amma abin ya tsaya mini a rai. Tsorona ko auren kawai ya karɓa, ni ɗin ban dame shi ba. Kuma ba ni da wadda zan tambaya a nan. Inna Lami surukata ce, Hassana ƙanwarsa ce. Ke kuwa, ko da yake a kakanni muka haɗu, ke kika tsaya mini a bikina kamar ciki ɗaya muka fito, ke kika yi karatu a Dutsin-Ma. Ki gaya mini abin da ake yi.

In kin karanta ki ƙona takardar nan.

Ƙanwarki,
Fiddausi


Safana

Wa alaikumus salam, amaryar Batsari.

Muna lafiya, yara na gaishe ki, Baffa ya amsa, ya ce Allah ya yi miki albarka. Kasuwa sai a hankali, wa ke sayen hoda alhali ba a biki? Takardarki ban ƙona ba, tana ƙarƙashin kwalin turare. "Ina kika je" ɗin nan ya sa na yi dariya har na ƙware.

Kwantar da hankalinki. Mijinki Sharhabilu irin mazan nan ne da sai an taɓo su. Ba ki lura ba? A kowane littafi mai kyau, wanda ba ya magana a farko shi ne ke zuba a ƙarshe. Masu cewa littattafan nan lalata yara suke yi, ki bincika, rabinsu ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ni a ciki na koyi yadda ake yi wa miji sannu da zuwa. Fim ya fi littafi ƙarya, wannan na yarda, don har yau ban ga namijin da ya tsaya cikin ruwan sama yana roƙon mace ba, a Safana dai mura zai kwasa. Amma ki koma ki sake kallo, ki bar fuskokin, ki dubi hannun matan. Da hannu suke fara magana.

Ga saƙo nan a ƙulle cikin leda baƙa, kada Jinjiri ya buɗe. Jan farce ne, amma mai ruwan toka, da ƙaramar kwalbar ruwan goge shi. Na san za ki yamutsa fuska. Saurara. Ja na 'yan biki ne, kowace yarinya mai tallan gyaɗa tana da shi. Baƙi na masu neman magana ne. Ruwan toka ba ya ihu, sai mai ido ke ganinsa, shi manyan mata ke sawa yanzu. Kwalba biyu kaɗai aka kawo mini daga Katsina, na hana matar hedimasta ɗaya saboda ke.

Kin san ruwan alwala ba ya ratsa shi. Saboda haka ki shafa bayan kin yi isha'i, ki goge kafin asuba, kullum. Ki ajiye masa kwano a hankali yadda zai ga yatsun. Abu ɗaya: kada ki yi masa bayani. Macen da ta yi bayanin kwalliyarta ta zubar da ita. Ki yi shiru, ki bar shi ya zo da kansa.

Yayarki,
Rahma


Batsari, Oktoba

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaisuwa, ina fatan zazzaɓin da Jinjiri ya ce Yasmin ɗinki ta yi ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya, ana ta yankan gero a gonakin da ke kusa da gari, na nesa kuwa sai addu'a.

Saƙo ya iso, na gode. Gaskiyata, da na shafa sai na ga kamar na tsoma yatsu a murhu. Amma na ce ke kika san gari. Na yi yadda kika ce. Ya shigo, na ajiye kwano a hankali har tuwon ya kusa sanyi. Ya dubi hannuna, ya daɗe yana duba, na ce yau dai an zo wurin. Sai ya ce, "Sannu." Ya ci abincinsa, ya naɗe tabarma ya tafi ɗakin da ke jikin zaure.

Yakan yi haka a kwanakin da ba na sallah, wai don in sake. Amma ai wannan karon lafiyata lau. Na ce bari dai in ci gaba. Yaya, mako ya zagayo, wani ya bi bayansa, kullum sai ya dubi farcen, ya ce sannu, ya ɗauki tabarma. Yanzu ma sannun ta zama biyu.

Ga wani sabon salo kuma. Ya fara shigowa da leda. Ranar farko ina kwancewa na tuna wanda ya kawo wa matarsa turare a littafi. Hanta ce. Gobe hanta, jibi hanta. Kin san tun da aka hana kasuwar dabbobi da ƙyar suke samun akuya ɗaya su yanka, to hantar akuyar nan ni ake kawo wa. Ya ajiye ya ce, "Ki cinye duka." Matan littafi ana kawo musu fure, ni ga abin da na samu. Yanzu ko warinta na ji sai zuciyata ta tashi.

Ruwan gogewar ya ƙare, da reza da kalanzir nake kankarewa kafin asuba saboda alwala. Farcen duk ya dushe, ya yi fari-fari ba kyan gani. Shekaranjiya ina tankaɗe Inna Lami ta kama hannuna ta juya shi, ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta ce, "Ɗiyata, ya jikin?" Na ce da sauƙi, me zan ce wa babba? Tun ranar ta hana ni daka, ta hana ni jan ruwa, kullum ga kwaɗon zogale. Har ta ce a kai ni asibiti. Na ce in je in yi me? Sai suka dubi juna ita da Hassana. Ina jin sun ɗauka ciki ne da ni, kunya ta hana ni in ce musu mutumin ko ɗakina ba ya kwana.

In daina ne, ko in ci gaba?

Fiddausi


Safana

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yasmin ta warware, har ta koma fitinarta. A tsaye nake rubutu, Jinjiri na ta danna hon a ƙofar shago.

Ki daina? Yanzu da abin ya fara ci? Ya gani, ya daɗe yana kallo, ya gudu. Namijin da abu bai taɓa shi ba ba ya gudu. Ki tuna fim ɗin nan na biyu a memori, ai sai da mutumin ya ƙaurace wa gidan kafin ya dawo yana hawaye. Kokawa yake yi da zuciyarsa. Hanta kuwa, mahauci ne, da me kike so ya fara? Ki ci gaba, kuma ki riƙe bakinki. Ruwan gogewa ya yanke a nan ma, ki lallaɓa da kalanzir ɗin.

Surukarki kuma ki bar ta da zatonta, ai hutu kika samu.

Rahma


Batsari

Yaya Rahma,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri, yau gaisuwata gajera ce, raina a ɓace yake.

Ranar Litinin maigidan ya fita asuba bai dawo ba. Ba a hura wutar tsire ba, abokan sana'arsa suka ce ba su gan shi ba. Ga ba waya. Kin san abin da ake nufi a garin nan idan mutum bai kwana gida ba. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye, amma ko tambaya ba ta yi ba, kin san ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Na lura dai ita da Hassana sun san inda ya tafi. Ni ce bare.

Sai ranar Laraba da hantsi ya shigo, wandonsa duk ƙarangiya, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage, takalmi ɗaya a hannu. Na taso da gudu, wallahi na manta da duk wani fushi. Ya ce, "Sannu, ya jikin?" Shi da ya dawo a haka, ni yake tambaya jiki. Ya wuce ni ya miƙa wa Inna wani ƙulli. Na ce ina ka je? Ya ce, "Nan kusa." Ya ɗauki tabarmarsa.

Da la'asar Inna ta kawo mini wani ruwa baƙi a kofi, saiwoyi ne aka dafa, ɗaci kamar me. Ta ce in sha safe da yamma. Na ce na mene ne, Inna? Ta ce, "Ke dai sha, kin fi kowa sani." Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban san abin da ake ba ni ba. Ina kurɓa in ta tsaya, in ta juya in zubar bayan randa.

Na gaji. Miji ya bar mini ɗaki ya fi wata, yana tafiya ba sallama, ana ƙus-ƙus in na shigo a yi shiru. Wani lokaci ji nake kamar in tattara in dawo gidan Baffa. Farcen dai ina shafawa, don yanzu in na daina kamar na ce ya yi nasara ne.

Fiddausi


Safana, Nuwamba

Fiddausi,

Ina fatan wannan ta same ki da rai da lafiya. Takardarki ta kwana a aljihun Jinjiri fiye da mako, motarsa ta lalace, sai jiya yaronsa ya miƙo mini. Na karanta sau uku, ban iya cin abinci ba.

Kada ki ƙara kai kofin nan bakinki. Mutum ya ɓace ya dawo da ƙulli daga inda ba a sani ba, uwarsa ta dafa ta ce sha, ba a faɗa miki na mene ne ba? Na karanta irin wannan, na kuma gani, na san inda yake ƙarewa. Ni na ce ki yi shiru, amma ban ce ki zauna a salwantar da ke ba.

Na san kin ce in ƙona takardunki. Ki yafe mini, na je wurin Baffa Hashimu. Ban ba shi labarin farce ba, wannan maganar mata ce. Na dai gaya masa an ƙaurace miki, ana ɗura miki jiƙo, kuma da hannunki kin rubuta kina son dawowa. Nan take ya tashi ya ɗauko hularsa. Da zarar an samu mota yana tafe. Ki haɗa kayanki.

Rahma


Batsari

Assalamu alaikum, Yaya Rahma.

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na san Baffa ya dawo Safana shi kaɗai, na kuma san bai ce miki komai ba, don ban ga bakin da zai faɗa da shi ba. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ki zauna kafin ki karanta.

Baffa ya riga takardarki isowa. Daga tasha bai zo gida ba, rumfar mahauta ya nufa. A gaban abokan sana'a da masu sayen nama ya ce wa maigidan, "In ka gaji da ita, ai sai ka maido mini abata, ba ka bar mata ɗaki ba." Kowa ya ji. Shi kuma ya ajiye wuƙa ya biyo Baffa gida ko hannu bai wanke ba.

Aka zauna a zaure, Baffa da shi da ƙanen mahaifinsa. Ni ina tsakar gida jikin asabari, ina jin komai. Baffa ya ce, gaskiya ne ka ƙaurace mata? Ya ce gaskiya ne. Me ta yi maka? Ya ce ba ta yi komai ba. To mene ne dalili? Shiru. Ƙanen mahaifinsa ya yi masa tsawa ya ce ana tambayarka. Ya ce, "Laifina ne. A yi haƙuri." Aka juya, aka juya, bai ƙara ko kalma ba. Baffa ya ce to shi ke nan, zai tafi da ni, in ya samo bakin magana ya same mu a Safana.

Na shiga ɗaki ina zuba kaya a akwati, ina kuka, ina ce wa raina ga shi nan ko riƙe ni bai yi ba. Sai Inna ta shigo ta zauna bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ɗiyata, ki tafi da maganin. Kada a ce don ba ki da lafiya muka sake ki."

Na ce wace rashin lafiya, Inna?

Ta ce, "Jinin nan da ya ƙi ɗauke miki."

Na ce wane jini?

Muka tsaya muna kallon juna. Ta ƙwala wa Hassana kira. Hassana ce ta warware mini, tana magana tana kallon ƙasa. A gidansu, su mata huɗu, ba wadda ke shafa jan farce sai a kwanakin da ba ta sallah. Da shi ake ganewa, don kada wani ya ce tashi ki yi sallah ya ba ta kunya. Da haka ya tashi. Ni ma ai na san ana yin haka, Yaya, ke ma kin sani. Amma ni kwalliya na sa a raina, ban taɓa kawo cewa namiji na karanta farce ba. Shi kuma ba ya ganina da rana. Bai taɓa ganin hannuna a goge ba, bai ga ina sallar azahar ba. Sallata kuwa a ɗaki nake yi, ko Inna ba ta gani. Abin da ya gani, mako ɗaya ya wuce, biyu, uku, matarsa ba ta samu tsarki ba. Ya kasa tambayata. Ya kasa gaya wa Inna. Sai ya samu Hassana a gidan mijinta, ya juya mata baya ya faɗa. Inna ta duba hannuna ta ga farce ya koɗe, ta ce jini ya ƙare a jikin yarinyar nan. Ta tambaye ni jiki, na ce da sauƙi.

Hantar ta ƙarin jini ce. Masu saye na zuwa nemanta yana cewa an riga an saya.

Tafiyar da ya yi kuwa, wata tsohuwa aka kwatanta masa a wani ƙauye bayan Ruma, bakin daji, mai maganin irin wannan. An hana hawa babur, ya tafi a ƙasa. A hanyar dawowa ya ji harbi, ya faɗa gonar dawa, a nan ya kwana a kwance cikin kunyoyin gonar, bai motsa ba sai da gari ya waye. Wannan maganin nake zubarwa bayan randa.

Na ce, Inna, ki je ki gaya musu. Ta girgiza kai. Ta ce, "Ni in shiga gaban maza in wanke shi? Mi za a ce? Ba a taɓa yi ba." Hassana kuwa ta ce ko yanka ta za a yi ba ta iya faɗin wannan a gaban ƙanen ubanta. Baffa na ta kira daga zaure, mota za ta tashi.

A nan na gane abin da ya yi. Kalma ɗaya zai faɗa ya fita, ya ce ba ta da lafiya, ga irin ciwon. Ya gwammace a tafi da ni, a bar shi da abin da mahauta za su riƙa faɗa, da ya ambaci wannan abu nawa a gaban maza.

Na ɗauki kwalbar na je jikin asabari, na durƙusa, na zura hannu na ajiye ta a zaure. Na yi zaton zai isa. Sai na ji Baffa ya ce, "Wannan kuma maganin mene ne?"

Yaya, sai da na faɗa. Da bakina, ga Baffan da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Na ce jan farce ne. Na ce ni nake shafawa in zai shigo. Na ce lafiyata lau, sallata ban fasa ba, shi ne ya ɗauka ba na yi. Baffa ya ce, to don me kike shafawa? Na ce, don ya ce na yi kyau.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Can ƙanen mahaifinsa ya yi tari, ya ce bari ya je ya duba awakinsa, shi da ba ya kiwo. Baffa ya tashi, ya kira shi da sunansa ya ce, "Na ci mutuncinka a kasuwa, ka yafe mini." Ya ƙi tsayawa cin abinci. Da zai fita ya ce a gaya mini in ci gaba da haƙuri, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ba na jin haushinki, ni na tambaye ki. Amma ki ƙona takardun, wannan karon da gaske.

Fiddausi


Safana

Ƙanwata Fiddausi,

Ina gaisuwa, in har za ki amsa. Na ƙona su duka a murhu, na tsaya sai da suka cinye.

Baffa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Na je gaishe shi ya amsa yana kallon bango. Ni da ke sayar da abin nan, ni da na sha gaya wa 'yan mata su jira kwanakinsu kafin su shafa, ban tuna ba. Kin rubuta mini ƙarara cewa yakan ɗauki tabarma in ba kya sallah, na karanta na wuce, ina neman inda ya yi kama da fim. Da wani abu ya same shi a gonar nan, da wane ido zan dube ki?

Ɗaya kwalbar na ba matar hedimasta. Har yanzu ina ganin launin yana da kyau, ba zan yi miki ƙarya ba, amma na kasa kallonsa a kan kantar shago.

Ki roƙa mini Sharhabilu gafara. Ba zan iya rubuta masa ba. Ki gaya mini gaskiya, ya kuke?

Rahma


Batsari, Disamba

Assalamu alaikum, Yaya.

Na amsa, kuma ina gaida kowa. An ce an kusa maido layin waya, amma wannan gara in rubuta, ba zan iya faɗinsa da murya ba.

Na isar da saƙonki. Ya ce ba ki yi masa komai ba, ya ce a gaishe da Yasmin.

Ba a gama ba tukuna. A rumfa har yanzu ana tsokanarsa, yaran mahauta in ya wuce sai su ce a ba shi tabarma. Hassana ce ke gaya mini, shi bai taɓa ɗaga maganar ba. Ƙafarsa ta hagu ba ta gama warkewa ba, ƙaya ta karye a ciki, ni nake gasa masa da ruwan zafi. Mun yi kwanaki ba mu iya kallon juna. Ni da Inna ma sai a hankali, in mun haɗu a bakin rijiya kowa ta sami abin dubawa a cikin guga.

Ga kwalbar nan na ba Jinjiri ya maido miki, saura rabi. Hassana ta ƙunsa mini lalle. Littattafan biyu ma na haɗo, na riƙe ɗaya, don har yanzu ina son wurin da suka haɗu a tasha.

Kin tambaya ya muke. Har yau bai ce na yi kyau ba, ban kuma sa rai ba. Jiya bayan isha'i ya shigo da leda, ya ajiye a gabana. Na kwance, hanta ce. Na ce masa, ai ka san lafiyata lau.

Ya ce, "Na sani."

Ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na cinye duka.

Ƙanwarki,
Fiddausi